Kwamfuta na mutuwa tana sake tashi da kanta: yadda ake gano dalili kafin a kai ga formataj

Mutum yana tsakar aiki, ɗalibi yana rubuta kundin ƙarshen karatunsa ko ɗan kasuwa yana haɗa lissafin wata, sai allon kwamfuta ya rikiɗe shuɗi, wani rubutu ya gifta, na'urar ta mutu ta sake tashi. Idan sau ɗaya ne a wata, ba a cika damuwa ba. Idan ya kai sau uku ko huɗu a wuni, aiki ya tsaya ke nan. Maganin da aka fi saurin kawowa, a Yamai ne ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa, shi ne formataj, wato a share komai a sake ɗora Windows. Sau da yawa takardu su tafi, kuɗin gyara su tafi, bayan kwana biyu kuma matsalar ta dawo, domin tun farko ciwon ba a jikin Windows yake ba. Kwamfutar da ta mutu tana barin shaida a kan abin da ya kashe ta, kuma duk mai haƙuri zai iya karanta wannan shaida kafin ya kashe ko dala.

Me ya sa take mutuwa da kanta?

Shuɗin allo ba shi ne cutar ba, birki ne. Idan zuciyar Windows ta gamu da kuskuren da ci gaba da aiki a kansa zai iya lalata bayanai, sai ta tsayar da komai nan take, ta rubuta ɗan rahoto a cikin diski, ta sake tashi. A Windows 8 da ya fito a 2012 allon ya fara nuna fuskar baƙin ciki, a 2016 aka ƙara masa lambar QR, a 2025 kuma Microsoft ya mayar da shi baƙi a sababbin Windows 11. Launi ya canza, ma'anar tana nan. A kwamfutar da ke aiki da Faransanci, saƙon yana cewa na'urar ta gamu da matsala kuma dole ta sake tashi, sai a ƙasa a ga «Code d'arrêt» tare da sunan kuskuren da manyan baƙaƙe.

Bisa ƙididdigar da Microsoft ya wallafa a shafukansa na masu gyara, kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan tsayawa daga direbobin wasu kamfanoni suke fitowa, kashi 10 daga kayan ƙarfen na'urar, kashi 5 daga manhajar Microsoft kanta, sauran 15 kuma ba a iya gano asalinsu. Direba, wanda masu gyara a Nijar ke kira pilot, ƙaramar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin Windows da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto, wifi ko firinta. An ga irin ɓarnar da ƴar manhaja guda za ta iya yi a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure na kamfanin tsaro CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Ba a gyara su da formataj ba. Fayil ɗaya aka goge.

Sai dai waccan ƙididdiga ta shafi shuɗin allo ne kawai. A ƙasa mai zafi, ƙura da katsewar wuta kamar Nijar, sau da yawa kwamfuta tana mutuwa ba tare da ta ma nuna wani allo ba. Don haka matakin farko shi ne a bambanta.

Mutuwa iri uku

Iri na farko: allo ya yi shuɗi ko baƙi da rubutu, sannan ta sake tashi. Nan Windows ta ga matsalar da idonta, kuma zargi ya fi karkata ga direba, RAM ko diski.

Iri na biyu: ta ɗauke farat ɗaya kamar an zare waya daga bango, babu saƙo, babu gargaɗi. Wannan yawanci zafi ne ko wuta.

Iri na uku: hoto ya daskare, linzami ya ƙi motsi, wani lokaci sauti ya riƙa maimaita kansa, sai an danne maɓallin kunnawa. Nan ana duba katin hoto, diski da RAM.

A samu takarda a riƙa rubuta lokacin da abin ya faru da aikin da ake yi a lokacin. Shin da azahar ne ko da asuba? Tana kan caja ko kan batir? Ana kallon bidiyo ne ko tana zaune kawai? An saka sabuwar manhaja, sabon kile USB ko sabuwar firinta a makon? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce rabin gyara.

Kafin komai: a kwashe takardu

Kwamfutar da ke yawan mutuwa tana iya ƙin tashi gaba ɗaya ko yaushe, musamman idan diski ne ke ciwo. Tun tana tashi, a kwafe muhimman takardu, hotuna da lissafi zuwa kile USB, diskin waje ko ma'ajiyar intanet kamar Google Drive ko OneDrive. Wanda kwamfutarsa ke da kullen BitLocker, abin da ya zama ruwan dare a sababbin Windows 11, ya nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 ya rubuta a takarda. Galibi yana cikin asusun Microsoft na mai na'urar. Idan Windows ta nemi wannan mabuɗi a tsakiyar gyara aka rasa shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe takardun.

Karanta shaidar

Sau da yawa allon yana wucewa kafin a karanta. Ana iya hana shi gudu. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga «Paramètres système avancés», a ƙarƙashin «Démarrage et récupération» a danna «Paramètres», sannan a cire alamar da ke kan «Redémarrer automatiquement». Daga nan allon zai tsaya har a ɗauki hotonsa da wayar salula.

Hanya ta biyu ita ce tarihin lafiyar na'ura. Windows tare da R, a rubuta perfmon /rel. Wani jadawali zai fito, kwana bayan kwana, da jajayen alamomi a ranakun da aka samu matsala, tare da abin da aka saka ko aka sabunta a ranar. Idan jajayen sun fara ne washegarin wani sabuntawa, an kama bakin zaren.

Hanya ta uku ita ce «Observateur d'événements», da ake buɗewa da eventvwr. A sashen «Système» a nemi lamba 41 mai suna Kernel-Power. Mutane da yawa suna ɗauka wannan lamba na nufin akwatin wuta ya lalace, alhali abin da take cewa kawai shi ne na'urar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba. A duba ko akwai lamba 1001 mai suna BugCheck kusa da ita. Idan akwai, shuɗin allo ne, kuma rahotonsa yana cikin C:\Windows\Minidump, inda ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna BlueScreenView ke iya karanta shi. Idan babu, alama ce cewa wuta ta ɗauke mata, ko zafi ya kashe ta, ko an danne maɓalli.

Ga ma'anar sunayen da aka fi gani:

MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA: a fara zargin RAM, sannan direba.

IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL da DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL: yawanci direba ne, kuma wani lokaci allon yana ambaton sunan fayil mai ƙarewa da .sys.

VIDEO_TDR_FAILURE: katin hoto ko direbansa. Fayil nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel.

KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE: diski, wayarsa ko saitinsa.

CRITICAL_PROCESS_DIED: fayilolin Windows sun lalace, ko diskin da ke ɗauke da su ya fara gazawa.

WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR: ƙarfen na'ura ne ke kuka, sau da yawa saboda zafi ko wuta.

Idan suna ɗaya ne ke dawowa kullum, mai laifi ɗaya ne. Idan kowace rana da sabon suna, a fi zargin RAM, zafi ko wuta, domin su ne ke rikita duk abin da ya ratsa ta kansu.

Zafi da ƙura

Kamfanoni da dama sun ƙayyade cewa kwamfutar hannu ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a kudancin Nijar yana haura digiri 40 kusan kullum, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Kafin bazarar ta zo, hunturu ya riga ya yi watanni yana cusa ƙura a cikin na'urar. Ƙurar tana taruwa a bayan fanka kamar auduga, ta toshe haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita. Ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, idan ta kusanci digiri 100 tana rage gudu don ta huce, idan hakan bai isa ba ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Alamomin a bayyane suke: fanka tana ihu ko ta yi shiru gaba ɗaya, ƙasan na'urar yana ƙona cinya, tana aiki lafiya da safe amma ta mutu da rana, ko ta mutu minti kaɗan bayan an buɗe bidiyo. Manhajar HWMonitor ko Core Temp tana nuna zafin a lambobi. Idan na'urar tana zaune ba ta aikin komai amma zafinta ya kai 70 ko 80, akwai toshewa.

Gyaran yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. Kada a ɗora ta kan katifa, darduma ko matashi. A sa ta kan tebur, a ɗaga bayanta kaɗan don iska ta shiga. Don fitar da ƙura, a kashe ta, a zare caja, a hura iska busasshiya ta ramukan, a riƙe fankar da tsinke don kada ta yi juyin da zai lalata ta. Ba a hurawa da baki saboda yawu. Na'urar da ta shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba tana bukatar mai gyara ya buɗe, ya share, ya kuma sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda suke kira pat tarmik, domin yana bushewa ya daina aiki. Idan ba a aiki da ita, a rufe ta da zane. Idan tana kunne, a cire zanen.

Wuta

Wutar gida a Nijar volt 220 ce, amma lokacin zafi da ake yawan delestaj, ƙarfinta yana hawa yana sauka, kuma komawa daga layin Nigelec zuwa grup ko batirin hasken rana yana haifar da ɗan gibi. Kwan fitila ba ya damuwa da gibin ƙiftawar ido, kwamfutar tebur kuwa tana mutuwa. Idan tana ɗaukewa daidai lokacin da firji, famfon ruwa ko kilim ya tashi, to daga bango matsalar take.

Akwai na'urori biyu da ake yawan rikitawa. Istabilizata yana daidaita ƙarfin wuta, amma idan ta ɗauke shi ma ya ɗauke. Ondila yana da batir a ciki, yana riƙe kwamfuta na ƴan mintoci don a adana aiki a kashe ta lafiya. Batirin ondila yana tsufa, kuma zafi yana gaggauta tsufansa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rufe duk takardun aiki, a zare shi daga bango kwamfuta na kunne, a ga ko zai riƙe.

A kwamfutar tebur, akwatin wutar da ke ciki shi ma yana gajiya, sai ta riƙa mutuwa idan aiki ya yi nauyi. Ba a buɗe wannan akwati ko da an zare waya, domin yana ajiye wutar da za ta iya kashe mutum. Canza shi ake yi. Wasu tsofaffin na'urori na gwanjo da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Dole ya kasance a kan 230.

A kwamfutar hannu, a duba caja. Idan na'urar tana bukatar wat 65 ko 90 aka ba ta cajar wat 45, ko cajar jabu, za ta iya mutuwa idan aiki ya ƙaru. A gwada ta kan batir kaɗai, sannan kan caja. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai ko ya buɗe murfi haɗari ne na gobara. A daina caji, a kai a cire shi.

RAM da diski

RAM ita ce teburin aikin kwamfuta, inda take shimfiɗa abin da take yi a yanzu. Don gwada ta, Windows tare da R, a rubuta mdsched.exe, a bar na'urar ta sake tashi ta yi gwajin. Gwajin da ya fi zurfi shi ne MemTest86, wanda ake ɗorawa kan kile USB a bar shi ya yi awoyi, har ya kwana. Kuskure ko da ɗaya ne yana da ma'ana. Wani lokaci sandar RAM ɗin, wadda masu gyara ke kira baret, lafiyarta ƙalau, ƙura ce ko girgizar tafiya kan babur ta sa ta saki. A kashe na'ura, a zare wuta, a taɓa ƙarfe don jiki ya sauke wutar da ya tara, a cire sandar, a share bakinta mai ruwan zinariya a hankali, a mayar har ta yi ƙas. Idan sanduna biyu ne, a gwada kowace ita kaɗai. A wasu siraran kwamfutoci an like RAM a jikin babban faranti, ba ta ciruwa.

Diski kuwa shi ne rumbu. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta rahoton lafiyar da diskin ke ajiyewa da kansa: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Tsohon diski mai juyawa idan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ajalinsa ya kusa. A wannan hali kada a matsa masa da dogon gwaji irin chkdsk kafin a kwashe takardu, domin gwajin yana iya ƙarasa shi. Maye gurbinsa da SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa, yana kawar da matsalar kuma yana ƙara wa tsohuwar na'ura sauri sosai.

Direbobi da Windows

Gwajin da ke raba gardama shi ne «Mode sans échec», inda Windows ke tashi da ƴan direbobin da ba makawa sai da su. A riƙe maɓallin Maj a danna «Redémarrer», a bi «Dépannage», «Options avancées», «Paramètres», a sake tayarwa, sannan a danna F4. Idan Windows ba ta kaiwa ga buɗewa, a kashe ta da maɓalli sau biyu ko uku a jere tana tsakar tashi, za ta kai kanta shafin gyara.

Idan a wannan yanayi ta daina mutuwa, to manhaja ce ko direba. A cire abin da aka saka na ƙarshe. A «Gestionnaire de périphériques» ana iya mayar da direba zuwa tsohonsa da «Restaurer le pilote». Sabon direba a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, HP, Dell, Lenovo ko wani, ba daga manhajojin da ke alkawarin sabunta komai da dannawa ɗaya ba. Antibirus biyu a na'ura ɗaya suna faɗa da juna, a bar ɗaya. Manhajojin sata da ake yawo da su a kile daga siba zuwa siba suna shigowa da ƙwayoyin cuta da fayilolin da aka taɓa.

Don gyara fayilolin Windows, a buɗe «Invite de commandes» a matsayin mai gudanarwa, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke bukatar intanet, idan ya gama a rubuta sfc /scannow. Umurnin rstrui kuma yana mayar da Windows yadda take a wata ranar baya ba tare da taɓa takardu ba, idan an ajiye irin wannan rana.

Akwai kuma batun tsufa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Mutane da yawa suna tilasta Windows 11 a kan tsofaffin na'urorin da ba su cika sharuɗɗansa ba. Yana iya tafiya, amma ba lallai a samu direbobin da suka dace ba, kuma daga nan wasu shuɗayen allon ke fitowa.

Yaushe formataj ya dace?

Sai an tabbatar zafi daidai ne, wuta daidai ce, RAM da diski sun ci gwaji, kuma an kwashe takardu. Ko a lokacin, «Réinitialiser ce PC» tare da zaɓin «Conserver mes fichiers» yana sabunta Windows ya bar takardun mutum, manhajoji ne kawai za a sake sakawa. Mai son tabbaci kafin nan zai iya tayar da na'urar da Linux Mint ko Ubuntu daga kile USB, ba tare da ya ɗora shi ba, ya yi aiki na ƴan awoyi. Idan a can ma ta mutu, ƙarfe ne, kuma formataj goma ba za su warkar da ita ba.

Ƙa'idar da ke ceton kuɗi ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a gani. Wanda ya canza RAM, caja da Windows rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin abu uku.

Idan ya zama dole a je wurin mai gyara, a tafi da hoton allon, takardar da aka rubuta lokuta a kai, da cajar da ake amfani da ita. A gaya masa a fili kada ya share komai sai da izini, a nemi ya nuna sakamakon gwajin da ya sa ya ce wani sashe ya lalace, a kuma karɓi tsohon sashen da ya cire. Tsohon diski musamman bai kamata ya kwana a shago ba, domin hotuna, takardu da lambobin sirrin mai shi suna nan a ciki.